Abarta ta Gidan Magagi

Ranar Juma'a da hantsi, Samiratu na cikin auna wa wata mai ciki tansiyo, wato hawan jini, a asibitin da take aikin ungozoma a Yamai, wayarta ta yi ƙara. Basiratu ce, matar kawunta, daga Filinge. Ko gaisuwa ba su gama ba ta faɗa cikin zance.

"In kina da abin ɗauka ga Abarta ki zo ki ɗauka. Kawunki ya gama magana da magina. Ran Litinin za su sare ta."

Samiratu ta tsaya da robar awo a hannu har sai da mai cikin ta ce, "Madam, hannuna ya mutu fa."

Abarta ba mutum ba ce. Itaciya ce a tsakar gidan kakanta marigayi Magagi, dab da katangar da ke kallon hanyar kasuwa. Jikinta ba abin kallo ba ne: rassa masu kauri, toka-toka, in ka karya ɗaya farin ruwa ya tsiyayo kamar nono. Rabin shekara a tsirara take, ba ganye ko ɗaya. Amma da bazara ta kankama, lokacin da kowace bishiya a ƙasar Kurfai ke neman ranta, sai ta ɓarke da fure fari mai rawaya a tsakiya kamar gwaiduwar ƙwai. Da la'asar ƙamshinta kan tsallake katanga ya tare masu dawowa daga kasuwa.

A gindinta Nafisa, uwar Samiratu, ta yi ƙuruciya, a gindinta kuma ta dawo ta zauna bayan rasuwar mijinta. Kullum da safe takan tsince furannin da suka zubo ta watsa su cikin akwatin zannuwa. Ranar da aka kai Samiratu lekol, makarantar kwana, a Yamai, tana buɗe akwatinta ƙamshin ya bugi fuskarta, ta durƙusa ta yi ta kuka 'yan ɗakinsu na kallo. Yau shekara biyu da rasuwar Nafisa. Zane ɗaya Samiratu ta riƙe cikin kayanta, shi ma ƙamshin ya fita.

Sau uku tana kawo reshen Abarta Yamai. Sau uku tana sayen tukunya, ta cika ta da taki, ta yi ta ban ruwa safe da yamma. Sau uku reshen na ruɓewa kafin sati biyu.

Da ta dawo gida ta faɗa wa mijinta Abdulgafar, wanda ke koyarwa a wata lekol, ya sauke tabarau ya dube ta.

"To ai masu sayar da furanni a bakin hanya suna da irinta. Faranjipaniye suke ce mata. In sayo miki biyu gobe."

"Waccan uwata ta zauna a gindinta?"

Ya mayar da tabarau. Ya san maganar ta ƙare. Da asuba shi ya kai ta tasha.

Motar ta bi ta Baleyara, ta wuce Bonkuku, gawo da goriba suna ta gudu baya, jajayen duwatsun gefen kwari suna matsowa. Azahar ta yi mata a Filinge. Tun daga kan kwana ta ji ƙamshin, ta kuma hango tulin yashi da bulo a ƙofar gidan.

Kawu Kailu na zaure yana lissafa ƙarafan rufi da yatsa. Ya ganta ya kauda kai, sannan ya juyo da fara'ar da ba ta kai ido ba.

"Ɗiyata, ke ce tahe ba sanarwa? Wa yag gaya miki?"

"Iska, Kawu."

"Iskar nan mai suna Basiratu." Ya share zufa. "Kada ki dube ni haka. Butik ukku za ni yi, shagunan haya. Yara sun girma, gona ba ta ba da abin da take badawa da. Kuma wurin nan kaɗai ke kallon hanya. Ki ce in ci hure?"

"Ban ce komi ba. Reshe na zo ɗauka."

"Ki ɗauki ɗari. Ba ta kamawa. Maƙwabta sun ɗauka, matan ma'aikatan bariki sun aiko an kai musu, wani mushe, malamin lekol, ya tahi da ita har Abala. Duk ruɓewa take. Shekara hamsin da wani abu, ba ta yarda da hannun kowa ba sai na wadda tad dasa ta."

Samiratu ta ɗaga kai. "Wadda? Ba Kaka Magagi ne ya dasa ta ba?"

"Baba ya kawo ta dai. Gwaggo Habsa tad dasa."

Habsa ƙanwar Magagi ce, tana aure a wani ƙauye kusa da Tabla tun kafin a haifi Kailu. Samiratu ta ganta ranar zaman makokin Nafisa, 'yar siririyar tsohuwa mai kaifin baki, amma ba wanda ya taɓa haɗa sunanta da itaciyar.

"Tana da rai?"

"Ta hi ni lahiya. Gobe Lahadi, motocin kasuwa za su koma can bayan azahar."

"Ka ɗaga mini ranar, Kawu. Kwana biyu kawai."

"Maginan daga Bonkuku suke. In sunka wuce wani aiki sai bayan damana. Ba zan iya ba, Samira."

Ba ta sake roƙonsa ba. Ta shiga gida, ta karɓi wuƙa wurin Basiratu, ta yanki rassa biyar, ta naɗe gindinsu da jiƙaƙƙen tsumma, ta tsoma su cikin bokitin ruwa. Sannan ta shimfiɗa tabarma a inda uwarta ke shimfiɗawa, ta zauna har magariba, furanni na faɗo mata a cinya ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ta hau bayan wata tsohuwar mota tsakanin buhunan gishiri da awaki biyu, bokitin a ƙirjinta. Kowane rami sai ruwa ya fantsamo mata, kowace tsayawa sai ta ƙara daga bidon ɗinta na ruwan sha. La'asar sakaliya suka isa.

Ta iske Habsa a inuwar rumbu tana ɓarzar wake. Tsohuwar ta kare ido da tafin hannu.

"Wa nike gani awa ɗiyar Nafisa? 'Yar Yamai, hanya ta ɓace miki ne? Mi kinka kawo mini a bokiti, kihi?"

"Ina kika ga haƙoran cin kifi, Kaka?"

"Ja'ira. Matso in gani."

Ta leƙa bokitin. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta zaro reshe ɗaya, ta matsa gindinsa da babban yatsa, ta shinshina.

"Tun yaushe suke cikin ruwa?"

"Tun jiya da azahar."

"Cikin zahin nan? An gama da su." Ta ɗauki bokitin da ƙarfin da Samiratu ba ta zata ba, ta watsar da shi duka bayan darni. "Jinin Magagi ke nan. Shi ma haka yak kashe shida."

Samiratu ta miƙe zumbur. "Kaka, gobe za a sare ta."

"Na ji. Zamna. Ba mota sai da sahe, ko kin tsaya ko kin zamna."

Ta zauna. Habsa ta janyo ƙwaryar wakenta, ta ci gaba da aikinta tana magana.

"Shekarar da anka kori baƙi daga Gana yayana yad dawo. Shekara tara shina gadi gidan wani mai kuɗi a Kumasi. Mutane sunka dawo da rediyo, da keken ɗinki, da atamfa. Shi ko mi yaz zo da shi? Sanduna bakwai cikin jiƙaƙƙen buhu. Kowane zango sai ya sauka ya nemi ruwa ya zuba musu, shi bai sha ba. Yac ce itacen kurmi ne, can ruwan sama ba ya ɗaukewa, in bai sha ba mutuwa zai yi. To mu mi munka sani? Mu mutanen hatsi ne. Abin da duk munka gani ya mutu, ƙishi yak kashe shi. Ba mu taɓa ganin abin da ruwa yak kashe ba."

"Sai aka yi ta ba su ruwa."

"Wa za ya ba su in ba ni ba? Rijiya gaba goma sha biyar, tulu huɗu da sahe, huɗu da marece. Wuyana har yau bai yahe ma Magagi ba. Anka haƙa rami, anka zuba takin shanu, anka yi musu runhwa. Na hwarko yar ruɓe. Anka ƙara ruwa. Na biyu yab bi shi. Kahin wata guda shida sun tahi. Yayana, ƙato da gemu, ya zamna gaban na bakwai shina kallo awa mai jinya. Ba don icen ba ne, kin gane. Shekara tara, abin da yar rage mishi ke nan."

Ta watsa wa kaji ɓawon wake.

"Sai innarmu Muna tat taso. Tac ce, wannan ba ice ba ne, wabi ne. Ke da ke karɓar haihuwa, kin san wabi ko lekol ta cinye miki shi?"

"Na sani. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya."

"To Inna ta san shi hiye da kowa. Bayan Magagi ta binne huɗu. Da anka haihe ni, ba a yi guɗa ba, ba a sa ni cikin zane mai kyau ba. Ungozoma tat tsaga mini kunne, anka kai ni kan juji anka aje awa shara. Wai mutuwa abin da ake so take ɗauka, in ta ga ba a damu da ke ba sai ta wuce. Wata maƙwabciya taz zo tat tsince ni, tac ce ta tsinci baiwa, wa ke so. Inna tac ce, a bar ta nan dai, ta yi mana wanke-wanke."

Ta ɗage ɗankwali. A saman kunnenta na hagu akwai 'yar tsaga, ta tsufa ta yi laushi. Samiratu ta kai hannu ta taɓa, ba ta san ta yi ba.

"Ran suna liman yac ce Habsatu. Ba wanda yak kira ni da shi. Abarta, Abarta, har na yi girma. Malamman yanzu sun ce jahilci ne, ban musa ba. Amma ga ni zamne, su huɗun can suna ƙasa."

"Sandar ta bakwai fa?"

"Inna tat tumɓuke ta gaban idon Magagi. Gindin ya hwara baƙi. Tas sa wuƙa tad datse wurin, tac ce ga tsagar kunnenta. Taj jehwa ta kan juji, ƙarƙashin aduwa. Tac ce wanda duk yak kai mata ko ɗigon ruwa, ko yat tsaya kallonta, ita da shi. Magagi ya yi kwana ukku bai ci tuwonta ba. Kwana ashirin tana nan yashe, ta yi yamushi, bakin yankan ya bushe ƙamas awa ƙahon akuya. Sannan Inna tac ce mini, ke anka tsinta, je ki tsinto 'yar'uwarki. Na ɗauko ta, na soka ta cikin rairayi tsantsa jikin katanga, ba taki, ba runhwa. Ruwa kuwa, ran Juma'a kaɗai, abin da yar rage cikin buta. Ranar da tah hidda ganye, yayana ya shiga ɗaki ya rufe ƙohwa, don kada mu ga idonshi."

"Shi ne aka sa mata sunanki."

"Ni nib ba ta. Na gaji da shi. Samari na yi mini waƙa da shi a dandali, 'yar juji, 'yar juji. Ranar da za a kawo ni garin nan na tsaya gabanta, lokacin ko ƙuguna ba ta kai ba, nic ce, ke ma a juji anka tsince ki, riƙe sunan, ni na tahi da Habsa. Nan garin ba wanda yas san ni da wani suna. Mijina har yam mutu bai ji ba." Ta yi 'yar dariya. "Uwarki ta sani. Kullum in na zo Hilinge sai ta ce, Gwaggo, je ki gaida takwararki."

Samiratu ta juya fuska wajen gonaki. Rana ta yi ƙasa, kututturan hatsin bara sun yi ja. Ta juyo ta dubi tsohuwar.

"Me ya sa ba ki gaya wa masu ɗaukar reshen ba?"

"Wa yat tambaye ni? Kowa ya san yadda ake dashe, in ji shi."

Motar safe ba ta zo da safe ba. Ta zo da hantsi, ta kuma yi faci a hanya. Samiratu ta kira Kawu Kailu sau shida, wayarsa a kashe. Ta sauka a tasha ta kama gudu, jakarta na dukan bayanta, mata masu tallar fura suna binta da kallo.

Daga kan kwana ta ga sarari a inda ba ta taɓa ganin sarari ba. Katangar ta faɗi. A tsakar gidan sai kututture, farin ruwa na tsattsafowa daga kansa, furanni a tattake cikin turɓaya da sawun takalman magina. Basiratu na bakin madafa ta rufe baki da gefen mayafi.

Kawu Kailu ya taho yana goge hannu a riga. "Na riƙe su har ƙarhe goma, Allah shi ne shaida. Na ce musu ɗiyata na tahe."

"Ina rassan?"

"Ai na ga kin ɗebi naki shekaranjiya."

"Ina rassan, Kawu?"

Ya nuna bayan gida da haɓa, kunya ta hana shi ɗaga hannu. "An kwashe a amalanke. Suna kan juji."

Ta zagaya. Ga su nan tuli guda a kan toka da tsummoki da fasassun kwanoni, wasu da furanninsu ba su ko yi yaushi ba. Ta tsaya tana kallonsu. Kukan da ta taho da shi tun daga tasha bai zo ba, sai ga dariya ta fito a madadinsa, hawaye na zuba tana yi. Kailu ya dubi matarsa da ta biyo su.

"Rana ta taɓa ta?"

"Lafiyata lau, Kawu. Inda ya kamata a kai su aka kai su."

Ta hau jujin da takalmanta na asibiti, ta zaɓi uku masu kauri, ta datse gindinsu, ta tsige ganye da fure. Basiratu ta ruga ta kawo jiƙaƙƙen tsumma.

"Mayar da shi, Inna Basira. Busasshen buhu nake so."

A Yamai ta jefa su bayan ɗakin girki, inda suke tara gawayi da tsofaffin kwanoni. Nan wahalar ta fara. Zafin watan Afrilu ya sauko kamar an buɗe tanda. Kwana biyar, sandunan suka fara yamushewa. Kwana goma, ɗaya ta lanƙwashe. Samiratu takan fito da buta ta yi alwala nesa da su, ta koma ɗaki ba ta waiwaya ba, sannan ta leƙa ta taga. Babu sauran itaciyar da za a koma a yanko. In waɗannan suka mutu, shi ke nan.

Ranar sha biyu ta kama Abdulgafar da moɗa a hannu yana sanɗa.

"Mushe, ina zuwa?"

"Tausayi suka ba ni. Ke mai ceton jarirai, ki bar abu yana mutuwa da ƙishi a gidanki?"

"Zuba ka gani. Yau ka kwana a lekol."

Ya shanye ruwan da kansa ya koma ciki.

Ranar ashirin ta samo yashi wurin masu gini a unguwarsu, ta soka su a jikin katanga. Ruwa sai Juma'a, ragowar buta. Mai lanƙwasar ta bushe ta zama kara. Ta biyu ta yi baƙi daga sama, ta cire ta ta yar. Ta uku ta tsaya kawai, ba ta mutu ba, ba ta yi rai ba, sati ɗaya, biyu, huɗu. Samiratu ta rame. A wurin aiki abokan aikinta suka fara tambaya ko ciki ne.

Wata safiya cikin watan Yuni, bayan yayyafin farko, ta fito za ta tafi aiki, idonta ya faɗa kan sandar. A ƙolinta wasu 'yan abubuwa biyu sun tsiro, jajaye-jajaye, masu sheƙi, kamar faratan ɗan tsako. Ta ajiye jaka. Ta durƙusa. Ta kira lambar maƙwabcin Habsa, ta jira aka kai wa tsohuwar waya.

"Kaka, ta fito. Ganye biyu. Kaka, in kin ga kyanta..."

"Ke, rufe mini baki," in ji Habsa daga can, kaji na kuka a bayanta. "Gabanta kike wannan zance? Yabo tun yanzu? Ba a yaba ɗan wabi sai ya yi ƙahwa. Tashi ki ba ta baya. In za ki wuce ki zage ta."

"In zage ta?"

"Ni shekara nawa ana zagina? Ga ni."

Wayar ta katse. Abdulgafar ya fito yana ɗaura agogo, ya ganta durƙushe, ya hango abin da take kallo, fuskarsa ta washe.

"Samira, kamawa ta yi?"

Ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa, ta goge ido da bayan hannu, ta ɗauki jakarta.

"Wace kamawa? Sandar banza ce, mummuna. Wuce mu tafi, ka makara."